Wa Ya Riƙe Yaron? Tarihin Mai Goyo a Makarantar Nas

 Makalar wannan makon ta faɗo kaina, kuma tunda an ce tarihi za a taɓo, sai na ga gara in ɗauko wanda na goya a bayana.

A shekarar 2011, ina 'yar shekara 12, aka ɗauke ni daga gidanmu a Kurfi aka haɗa ni da Yayata, wadda ke aure a Dutsin-Ma, muka tafi wata makarantar koyon aikin jinya. Ita ce ɗaliba, ni kuwa 'yar raino. 'Ya'yanta biyu a lokacin. Babbar tana da shekara uku, an bar ta wurin Innarmu a Kurfi. Ƙaramin wata biyar gare shi, bai san wani abinci ba sai nono, don haka dole a tafi da shi. Aikina shi ne in zauna da shi a gindin wani iccen bedi da ke bayan ajujuwa, in yi ta jijjiga shi har a ba su hutun rabin awa. Ana fitowa Yaya za ta taho da sauri, ta ɗage farin hijabinta, ta zauna bisa dutse ta ba shi ya sha, littafi buɗe a cinyarta. Mu huɗu ne 'yan raino a gindin iccen nan. Babu sunan ko ɗayanmu a wata takarda ta makarantar, kuma da ba mu nan da uwayen ɗakinmu ba su kai wata guda a aji ba.

Sai da na girma na fara tambayar kaina: me ya sa makarantar da ke koyar da yadda ake kula da mai jego da jariri ba ta da ko ɗaki ɗaya da za a kwantar da jaririn ɗalibarta? Amsar ta girmi Yaya, ta girmi Inna ma.

Mu fara daga gida. Kafin zuwan asibiti, haihuwa a ƙasar Hausa hannun tsofaffi take. Mace ta yi naƙudarta a durƙushe cikin ɗakinta, sau da yawa ita kaɗai, saboda kunya da nuna jarumta, musamman a haihuwar fari. Ungozoma takan iso ne bayan ɗa ya faɗo. Ita ke yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta gasa mashi cibi, ta tsaya kan wankan jego da kunun kanwa, ranar suna a fitar mata da nata kason. To amma ku duba wace ce ungozoma. Tsohuwa ce wadda ta gama haihuwa. Kulle ya sauka daga kanta, ba ta da goyo, ba mijin da zai ce ina za ki da tsakar dare. 'Yancin fita shi ne jarinta na farko, ilimin yana biyo baya. Yarinya mai ɗa a baya ba ta zama ungozoma ko da ta fi kowa ƙwaƙwalwa a unguwa.

Haka abin yake har a fagen karatu. Muna yawan kafa hujja da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da tsarinta na 'Yan Taru, kuma hujjar tana da ƙarfi. Sai dai in an duba su wa jajis suke jagoranta daga ƙauyuka zuwa wurinta, za a ga tsofaffi ne da 'yan mata ƙanana. Matar aure da ke cikin shekarun haihuwa tana gida, karatun ne ake kawo mata har ɗaki. Dabara ce mai kyau ga karatun da baki ke iya ɗaukowa ya kai. Amma ba a koyon ɗaura ƙarin ruwa ko tsayar da zubar jini ta hanyar saƙo. Wannan sai an je inda majinyacin yake, kamar yadda Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tantinta a Madina aka riƙa kai mata waɗanda suka ji rauni.

Da Turawa suka zo da asibitinsu, sai suka zo da nasu sharaɗin, wanda shi ma ya tsallake mai goyo. Aikin nas irin na zamani an gina shi ne kan makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, bayan ta dawo daga yaƙin Kirimiya. Ɗalibar wannan tsari budurwa ce, tana kwana a gidan kwanan nas-nas, tana ƙarƙashin idon matiron dare da rana. A asibitocin Ingila da yawa, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, nas in ta yi aure ta ajiye aiki ke nan. Sistocin da aka riƙa turowa ƙasashen mulkin mallaka su ma marasa aure ne. Wato abin da aka kawo mana riga ce da aka ɗinka wa macen da ba ta da kowa a wuyanta, aka kawo ta ƙasar da ake aurar da yarinya tana shekara 13 ko 14.

Akwai wata mata da ta keta wannan shingen tun da wuri, kuma ya kamata mu san sunanta ko da ba 'yar Arewa ba ce. Kofoworola Abeni Pratt, 'yar Legas, ta shiga wannan makaranta ta St Thomas a 1946 tana da aure da ɗa ƙarami, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Ta zama cikakkiyar nas a 1950, ta dawo gida ta riƙe muƙamin matiron a asibitin koyarwa na Ibadan, daga baya ta zama shugabar nas-nas ta Nijeriya baki ɗaya. Abin da ya tsaya mani a rai cikin labarinta shi ne ɗan nata: riƙo ta ba da shi wurin wasu mutane a can Ingila kafin ta samu damar shiga aji. Ashe ko a Landan sai da aka samu wanda ya riƙe yaron.

Mu dawo gida. A 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta kafa hukumar kula da ungozomomin asibiti, a 1947 aka kafa majalisar nas-nas, sannan a 1979 aka haɗe su suka zama majalisa ɗaya, wadda har yau ita ke ba da lasisi. A wannan shekarar ta 1930 ɗin ce kuma aka fara makarantun 'yan mata na En'e a Kano da Katsina, kuma a Katsina Sarki Muhammadu Dikko ne ya tsaya wa abin. Sai dai 'yan matan kaɗan ne, yawancinsu daga gidan sarauta da gidajen ma'aikatan En'e, kuma da sun tasa ake cire su a yi masu aure. Tsanin bai kai ga makarantar nas ba. Saboda haka waɗanda suka fara riƙe asibitoci da ɗakunan shan magani a Arewa maza ne, waɗanda kakanninmu ke kira malamin asibiti, sai kuma matan da suka fito daga Kudu ko daga makarantun mishan, irin na Wusasa a Zariya. A nan Katsina, 'yan mishan na SIM sun riƙe asibitin kutare na Babbar Ruga tun shekarun 1930. Ga mutumin ƙauye na wancan zamani, asibiti wurin baƙi ne: baƙin harshe, baƙin addini, ga kuma namiji tsaye a kan mace.

Nan ne ƙullin ya ɗaure, kuma ya daɗe bai kwance ba. Magidanci ya ce ba zai kai matarsa inda namiji zai duba ta ba. Shi ɗin dai, in aka ce ya bar 'yarsa ko matarsa ta je ta koyo aikin don a samu macen da za ta duba, ya ce ba tarbiyya a wurin, aikin kwana ne, aikin tsiraici ne. Kowa na son ya tarar da 'yar Musulmi Bahausa a ɗakin haihuwa, amma 'yar wani.

Kuɗin wannan ƙulli mata ne suka biya shi da jikinsu. Wani likitan mata, Kelsey Harrison, ya bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti a Zariya a ƙarshen shekarun 1970, ya fitar da sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne, matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai da naƙuda ta yi kwanaki aka kwaso su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba, kuma ƙananan 'yan mata masu cikin fari suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mu a Katsina ba mu buƙatar zuwa Zariya neman shaida. Babbar Ruga ɗin nan da aka gina don kutare ita ce ta koma cibiyar gyaran masu yoyon fitsari, bayan likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara aikin a shekarun 1980. Yawancin masu yoyon fitsari doguwar naƙuda ce ta jawo masu: kan ɗa ya tokare na kwana biyu ko uku, naman da ke tsakanin mafitsara da farji ya mutu ya huje. Da akwai wadda ta san aiki a kusa, da tun ranar farko ta ce a ɗauke ta a kai babban asibiti. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kurfi ko na Dutsin-Ma ya san gidan da aka yi irin wannan, ko gidan da jijjiga ta ɗauke amarya a cikinta na fari.

Abubuwa sun fara motsi a hankali. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya shigar da 'yan matan karkara aji da yawan da ba a taɓa gani ba. Bayan taron Alma-Ata na 1978, musamman zamanin da Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985, aka mai da hankali kan ƙananan asibitocin karkara da ma'aikatan lafiya na al'umma. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a watan Satumba na 1987, ta tashi da buƙatar ma'aikatanta na kanta. Makarantar nas tana cikin birnin Katsina, ta ungozoma tana Malumfashi, na fasahar kiwon lafiya suna Kankiya da Daura.

Ku lura da wannan taswira, don ita ce ta fitar da ni daga gidanmu. Dutsin-Ma gari ne na karatu. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2011. Matar aure a Dutsin-Ma tana iya yin karatun malanta daga ɗakinta: ta dafa abincin rana, ta hau mashin ta je lacca, ta dawo kafin magariba. Ta Kurfi ma, da yake garin na kan hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma, tana iya jeka-ka-dawo in ta daure. Amma wadda ta ce nas take so, a wancan lokacin sai ta naɗe tabarmarta ta bar garin. Shi ya sa a cikin ƙawayen Yaya da suka gama sakandare tare, waɗanda suka ci gaba da karatu bayan aure kusan duk malaman makaranta suka zama.

Kuma karatun nas ba ya karɓar rabin mutum. Kafin a shiga sai da kiredit biyar: Turanci, Lissafi, da darussan kimiyya uku, wato Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Wannan kaɗai ya isa ya tankaɗe yawancin 'yan matan makarantun ƙauye, inda za a yi shekara ba malamin Fiziks. Yaya sai da ta sake zama jarabawa sau biyu a gidan miji, na biyun da tsohon ciki. In an shiga, akwai watanni shida na farko da ake kira PTS, waɗanda a ƙarshensu ake jarabawar tankaɗe da rairaya, wanda ya faɗi ya koma gida. Wanda ya tsallake sai ya yi shekara uku ana jujjuya shi tsakanin aji da ɗakunan majinyata: ɓangaren maza, ɓangaren mata, na yara, ɗakin tiyata, ɗakin haihuwa, da asibitin masu taɓin hankali. Akwai aikin safe, na yamma, da na dare. Ana ƙirga kwanakin da ɗaliba ta yi a kowane ɓangare, in ba su cika ba ba za ta zauna jarabawar majalisa ba. A makarantu da yawa, in ciki ya bayyana sai a ce ɗaliba ta dakata ta bi 'yan bayanta. Na san wadda ta riƙa ɗaure cikinta da ɗankwali ƙarƙashin yunifom har wata shida don kada a gane, ɗalibar da a aji ake koya mata illar yin hakan.

Mu ba a ba mu wuri a ɗakin kwanan ɗalibai ba, don an ce ba a shiga da jariri. Ɗaki ɗaya muka kama haya a cikin gari, mu uku da risho da bokiti biyu. Aikin dare shi ne abin da ba zan manta ba. Yaya za ta ba shi nono ya ƙoshi wajen ƙarfe bakwai da rabi, ta tatsa wani a kofi ta rufe, ta fita. Wajen ƙarfe ɗaya zai farka. In ba shi na kofin da cokali, ya tofar, ya sa kuka, in goya shi in yi ta zagaya ɗakin cikin duhu ina mashi waƙa, ni ma ina hawaye. Matar mai gidan, Allah Ya jiƙanta, takan ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Ke 'yar nan, miƙo shi nan, je ki kwanta." Ita ma babu sunanta a takardar kowa. Da asuba Yaya za ta shigo, gaban rigarta sharkaf da nono, ƙirjinta ya yi tauri kamar dutse, ta karɓe shi tun kafin ta cire takalmi. Wata rana tana ba shi tana ba ni labarin jaririn da ta kwana tana ba madara ta hanci a ɗakin yara, sai kawai ta yi shiru ta juya fuska bango.

Mijinta malamin firamare ne a Dutsin-Ma. Ya sha magana. An ce mashi mijin-ta-ce, an ce ya saki mata ta tafi yawon duniya, an ce duk ranar da ta fara ɗaukar albashi ta fi ƙarfinsa. Mahaifiyarsa ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwar Yaya. Duk ƙarshen wata yakan zo da ɗan buhun gero da kuɗin haya, ya kwana ɗaya, ni in koma ɗakin matar mai gida. Ya cancanci yabo kuma ina yaba mashi. Sai dai na lura duk lokacin da ake ba da irin wannan labari a rediyo ko a taro, da an ce "da goyon bayan maigidana" sai a tafa a rufe zancen. Izini ya bayar da kuɗin haya. Wadda ta yaye yaron, ta yi jinyar ƙyandarsa, ta riƙe babbar shekara uku cur, Inna ce. Al'adunmu na riƙo da na kai yaro yaye gidan kaka, waɗanda 'yan boko ke yi wa kallon abin da ya wuce, su ne ginshiƙin da karatun matan aure ya tsaya a kai a ƙasar nan. Gwamnati ta gina aji ta sa allo, tsofaffi da ƙannai suka ɗauki sauran.

Kuma ba kyauta abin ya zo ba. Da Yaya ta zo hutu a shekara ta biyu, ta miƙa hannu ga babbar 'yarta, yarinyar ta ruga ta ɓuya bayan Inna tana leƙenta. "Anti" ta riƙa kiranta, kuma har yau da ta zama budurwa bakinta bai saba da wani sunan ba. Ni kuma na rasa shekara guda ta karatu, sai da aka yaye yaron na koma aji, ƙawayena sun wuce ni. Na daɗe ina riƙe da wannan a zuciya, ban faɗa wa kowa ba. Ranar da na samu gurbin difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, Yaya ce ta kira ni ɗakinta, ta ɗauko kuɗin rajista cif ta ajiye mani a cinya, ta ce, "Ungo, bashi ne nake biya, kada ki yi mani godiya." Ashe ta sani.

Hukuma ta zo ta gane abin da gidaje suka daɗe da ganewa, amma ta bi doguwar hanya. A 2009 gwamnatin tarayya ta fito da shirin tura ungozomomi asibitocin karkara, aka ɗebo sababbin da suka gama da waɗanda suka yi ritaya aka rarraba su. Shirin ya taimaka, sai dai matsalar da ta biyo baya kowa na iya hasashenta. Yarinyar da aka ɗauko daga wata jiha mai nisa, ba ta jin Hausa sosai, ba ta da kowa a garin, alawus ɗinta na makara, yaushe za ta zauna? Da dama sun tattara sun koma. Wadda za ta zauna a ƙauye ita ce wadda mijinta ke noma a nan, uwarta ke nan, kabarin kakanta ke nan. Wato ita dai matar auren da tsarin ya tsallake tun 1930.

Kan wannan tunani aka gina shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 zuwa 2020 a jihohin Katsina, Kano, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya aka ƙara Borno. Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne bai tsaya kan wa'azin "ku bar mata su yi karatu" ba, ya bi matsalolin ɗaya bayan ɗaya. Ba kiredit? Aka buɗe ajin share fage na shekara guda, inda 'yan matan karkara da matan aure ke gyara sakamakonsu su kuma shirya wa jarabawar shiga. Miji ko uba na tsoro? Aka zauna da su tare da masu unguwanni, hakimai da malamai, aka sa garin da kansa ya zaɓi wadda zai tura bisa alkawarin za ta dawo ta yi masu aiki. Ga goyo? Aka taimaka wa makarantu suka samar da ɗakin raino da masauki na masu aure, aka ƙara malamai mata. Lokacin da waɗannan abubuwa suka fara kankama Yaya na gab da gamawa, don haka mu ba mu ci moriyarsu ba. Ranar da na fara jin cewa yanzu akwai ɗaki da katifu da mai kula da yara a irin waɗannan makarantu, dariya na yi, sannan na ji wani abu ya tokare mani maƙogwaro. Ɗaki ɗaya ne fa. Shekara 80 da wani abu ana jiran ɗaki ɗaya.

Ba zan ce maku komai ya gyaru ba. Shirin da kuɗin waje ya ɗauka yana da ranar ƙarewa, kuma ɗakin raino ba ya cikin abubuwan da ake yanke ƙyalle a kansu a kira 'yan jarida, don haka shi ake fara mantawa in kasafi ya yi ƙaranci. Yanzu kuma an mai da makarantun kwalejoji masu ba da difloma da babbar difloma, ana shiga ta JAMB. Darajar takardar ta ƙaru, kuma hakan daidai ne, amma shekarun sun ƙaru, kuɗin ya ƙaru, ga matar da ta bar aji shekara shida da suka wuce tana gasa da yarinyar da ta gama sakandare bana a birni. Sannan ga abin da ya fi kowanne nauyi a yankinmu: rashin tsaro. Kurfi, Dutsin-Ma, Safana, Batsari da Ɗanmusa duk sun ɗanɗana. An horar da mace don ta zauna a ƙauyensu, ƙauyen ya watse ya dawo cikin gari. Asibitin da ake so a riƙa karɓar haihuwa da dare, ma'aikaciyarsa na neman ta bar wurin kafin la'asar, kuma ba mai iya ganin laifinta.

Da yake marubuta nake magana da su, bari in ɗan yi tsegumi kan sana'armu. A yawancin labaran da muke rubutawa da finafinan da muke kallo, nas iri biyu ce: ko masifaffiya mai zagin mai naƙuda, ko wadda ake ba cin hanci ta musanya jarirai. Ban ce babu masu zafin baki ba, na gan su da idona, kuma ban ba su uzuri. Amma ban taɓa cin karo da labarin da ya bi ta gida bayan ta tashi aiki ba, ya ga wa ta tarar a ɗakin, wa ya dafa tuwon, wane yaro ne ya yi barci bai gan ta ba. Mai son rubuta wannan ba sai ya je ɗakin karatu ba. Tsofaffin sistocin da suka yi aiki tun zamanin tsohuwar Jihar Kaduna suna nan da ransu a Katsina da Malumfashi da Dutsin-Ma, sun yi ritaya, suna zaune a tsakar gida, ba wanda ya taɓa zuwa da biro ya tambaye su. In kun je, bayan kun tambayi shekarar da ta shiga da wadda ta fita, ku tambaye ta wa ya riƙe mata yara. Za ku ga yadda fuskarta za ta canza, kuma daga nan ne hirar za ta fara.

Yaya yanzu ta haura shekara goma tana aiki, ta ƙaro karatun ungozoma na wata 18 a kan na farko, wannan karon yaran sun yi wayo. Mahaifiyar mijinta, wadda ta ƙi amsa gaisuwarta, ita ce yau ke aika mata matan unguwa da katin awo a hannu, tana cewa ku je wurin surukata. Yaron da na goya yana sakandare, ya fi ni tsawo, kuma in na ce mashi na sha kashinsa a zanena sai ya ce ƙarya nake.

Watan jiya na kai mata saƙo wurin aiki. A bakin baranda na ga wata yarinya, ba za ta wuce shekara 11 ba, da jariri a baya, majanyin ya zame har ƙugu, tana ta leƙen tagar ɗakin haihuwa. Na tambaye ta wa take jira. Ta ce Antinta ce ɗaliba, an turo su koyon aiki, tun safe ba ta fito ba, ga shi ya ƙi shan kunun. Na kwance shi daga bayanta, na ce ta je ta sha ruwa ta miƙe ƙafa. Na tambaye ta ajinsu nawa. Ta ce biyar take, amma an ce sai bayan Sallah za ta koma.